Ɗalibi ya haddace ma'anar jigo, amma bai gane labarin ba

A ajin adabi babu tambaya mai sauƙin amsa kamar "mene ne jigo?" Hannaye za su tashi, a rera baki ɗaya cewa jigo shi ne saƙon da marubuci yake son isarwa. Miƙa wa waɗannan ɗaliban labari mai shafi guda, ka ce su faɗi nasa jigon, sai aji ya yi tsit. Wanda ya fi ƙarfin hali zai kwashe labarin tun daga farko ya maimaita maka, yana ganin ya amsa.

A ganina laifin na tsarin koyarwa ne. Muna ɗora wa yaro sunayen dabarun adabi, su kamantawa, siffantawa, mutuntarwa, kambamawa, zubi da tsari, tun bai iya zama da rubutu ya tatso abin da ke cikinsa ba.

Ɗauki wannan jimla: "Ya duba agogo, ya sake leƙa titi, ya dawo ya zauna a bakin kujera." Babu inda aka ce mutumin jira yake, ko hankalinsa a tashe yake. Mai karatu ne ke haɗa agogon da titin da zaman ɗar-ɗar ya gano haka. Ko wannan: "Iska ta kwana tana kuka a bakin taga." Ɗalibi zai rubuta "mutuntarwa", wato ba abin da ba mutum ba halin mutum, ya karɓi makinsa, a wuce. Amma wa ke cikin ɗakin? Me ya same shi da har yake jin kuka a cikin iska? Idan marubucin ya ce iskar waƙa take yi, me zai canja? A nan darasin yake, kuma nan ne aka fi tsallakewa, domin ya fi wuyar dubawa da jan biro.

Masana karatu sun daɗe da faɗar wannan. A 1986 Philip Gough da William Tunmer suka bayyana fahimtar karatu a matsayin abu biyu da ake ninkawa: iya haɗa baƙi, da fahimtar harshen kansa. Idan ɗaya ya zama sifili, sakamakon ma sifili ne. Shi ya sa ake samun yaro mai karatu da murya tiryan-tiryan, ka tambaye shi me ya karanta ya yi zuru. A 1988 kuma Donna Recht da Lauren Leslie suka ba ɗalibai a Amurka rubutu kan wasan besbol. Masu raunin karatu da suka san wasan sun fi gwanayen karatun da ba su san shi ba fahimtar rubutun. Ashe abin da yaro ya sani game da duniya, da yawan kalmomin da ke kansa, su ne jarinsa a gaban takarda.

Matsalar ba ƙarama ba ce. A 2022 Bankin Duniya da abokan aikinsa sun ƙiyasta cewa kashi 70 cikin 100 na yara 'yan shekara 10 a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin samu ba sa iya karanta ɗan gajeren rubutu su fahimce shi. Kafin annobar korona adadin kashi 57 ne. Yaran nan ne za su girma a zaunar da su a tambaye su bambancin kamantawa da siffantawa.

Malamai za su ce jarrabawa na tambayar sunayen nan, kuma gaskiyarsu ne. Ni ma ban ce a watsar da su ba. Da su ake tattauna rubutu a taƙaice, ba sai an yi dogon zagaye ba. Lokacin kawo su nake jayayya a kai. A bari ɗalibi ya fara karantawa, ya faɗi abin da ya gane da bakinsa, a ce masa "ina hujjarka? Nuna mana layin." Idan ya lura da kansa cewa an ba iska halin mutum, sannan malam ya ce abin nan da ka gani ana kiransa mutuntarwa. Sunan da ya zo a wannan gaɓar ba ya buƙatar hadda daren jarrabawa.

Masu tsara tambayoyi su ma da nasu kason. Muddin rabin makin yana kan "kawo ma'anar", haka za a ci gaba da koyarwa. A ba ɗalibi rubutun da bai taɓa gani ba, a ce ya fitar da jigonsa, ya kafa hujja da jimla biyu daga ciki.