Wanda Kake Tsoro Shi Ma Bawa Ne

Assalamu alaikum 'yan'uwa.

Sau da yawa sai ka ji mutum na cewa, "Wane ya rantse sai ya ga bayana," ko "Ni da ba ni da ƙafa, ina zan samu aikin nan?" Har barci ya gagare shi. Ɗan'uwa, buɗe Suratul Ƙasasi ka karanta farkonta a tsanake.

Fir'auna na da runduna, ga Hamana, ga Masar a tafin hannunsa. Ya sa ana yanka 'ya'ya maza na Bani Isra'ila, ana barin mata. A tsakiyar wannan bala'i aka haifi Annabi Musa (AS). Sai Allah Ya kimsa wa mahaifiyarsa ta shayar da shi, in ta ji masa tsoro ta jefa shi a kogi. Kogi fa! Mai jego ta sa jinjirinta a akwati ta sakar wa ruwa. Ruwan kuwa bai kai shi ko'ina ba sai gidan mai neman ransa. Matar Fir'auna ta ce kada a kashe shi. Jinjiri ya ƙi kama nonon kowa, aka rasa yadda za a yi, sai ga yayarsa ta ce ta san gidan da za su rene shi. Da hannunsu suka mayar wa uwa ɗanta, malaman tafsiri ma sun ce har ladan shayarwa ake biyan ta.

Yawancinmu mun haddace hadisi na 19 na Arba'una a Islamiyya, wanda Tirmizi ya ruwaito. Annabi (SAW) ya faɗa wa Abdullahi ɗan Abbas, yana yaro, cewa da al'umma za ta taru don ta amfane shi ko ta cuce shi, ba za ta iya ba sai da abin da Allah Ya rubuta. An ɗage alƙaluma, takardu sun bushe. Muna karanta shi da baki, amma a sauya mana oga a ofis, sai ka ga wani ya bar sallar asuba ya nufi gidan boka. Wannan ai asara biyu ce.

Kada kuma malalaci ya fake da wannan. Mahaifiyar Musa ba ta naɗe hannu ba, ita ce ta ce wa 'yarta ta bi sawunsa. Ka kai takardunka, ka nemi magani, ka kai ƙara in an zalunce ka. Zuciyarka ce dai ba za ka miƙa wa mutum ba.

Bayan yaƙin Uhudu, shekara ta 3 bayan Hijira, aka ce wa Sahabbai maƙiya sun taru dominsu. Da raunukansu suka fita, suna cewa "Hasbunallahu wa ni'imal wakil" (Ali Imrana, 173), suka dawo ba abin da ya taɓa su.

Allah Ka isar mana da abin da Ka so. Amin.