Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi

Labari ya iso mini a nan Gusau cewa wani daga cikinmu, mu masu kiɗan fiyano da haɗa sauti a kwamfuta, ya kafa abin da ya kira ƙungiyar ƙwararru, ya ɗora wa duk yaron da ke son shiga kuɗin rajista da kuɗin wata, sannan ya gindaya sharaɗin cewa wanda ya ba ɗan'uwansa abin da ya samu a ciki za a kore shi. Ba zan kama suna ba, domin mai kaza a aljihu ba ya jimirin as, kuma na tabbata kafin magariba saƙon zai isa inda aka aike shi.

Ba ni da ja da wanda ya sayar da guminsa. Ni ma ina karɓar kuɗin situdiyo, domin janareta ba ruwan rijiya yake sha ba, kuma wanda ya zauna da yaro wata uku yana gyara masa yatsu a kan fiyano ya cancanci ladan koyarwarsa. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne kayan da aka rufe a bayan ƙofar. Wani ɗalibina da ya biya kuɗin watan farko ya kawo mini filash ɗinsa yana murna, muka zauna muka buɗe tare, kuma tun ban kai rabi ba na fara salati.

Abu na farko da na ci karo da shi Dexed ne, an sauya wa jakarsa, wato folda, suna an kira ta sirrin gida. Duk wanda ya daɗe a wannan sana'a ya san Dexed manhaja ce ta kyauta da ke kwaikwayon Yamaha DX7, na'urar da ta fito a 1983, kuma sautukan da aka loda a cikinta su ne waɗanda masu sha'awa a faɗin duniya suka shafe shekaru suna musayar su ba tare da sun nemi sisin kowa ba. Kusa da ita ga Surge, wata manhajar haɗa sauti, wadda a da sayar da ita ake yi, har wanda ya ƙirƙire ta ya sake ta ga jama'a kyauta a 2018. Mai abu ya yafe kuɗinsa, amma mutuminmu ya ga ya dace ya maido mata da farashi a Zamfara. Da ma ya yi koyi da Matt Tytel, wanda ya fitar da Vital a 2020: injin haɗa sautin a buɗe yake ga kowa, kuɗi kuwa na ƙarin sautuka ne ga mai buƙata, kuma an bayyana hakan ƙarara tun daga bakin ƙofa.

Kai, ita kanta fasahar wayar nan mai ƙafa biyar da yake sokawa a bayan fiyanonsa kullum, wato MIDI, kyauta ta zo masa. Dave Smith na Amurka da Ikutaro Kakehashi na kamfanin Roland a Japan su ne kan gaba wajen samar da ita a 1983, domin na'urar wannan kamfani ta iya magana da ta wancan, kuma ba su ɗora wa kowa harajin amfani da ita ba. Da sun yi irin lissafin mutuminmu, da har yau ana bin sa bashin kuɗin wata.

Duk wannan zan iya haɗiye shi in yi shiru, tunda ba kayana ba ne. Sai muka iso jaka ta uku, wadda aka laƙaba wa wani dogon sunan Turanci, aka kuma ce daga ƙasar waje aka sayo ta. Kalangu ne. Ni na ɗauki sautin wannan kalangu da hannuna a Ƙaura Namoda, a zauren wani dattijon makaɗi, Allah ya ƙara masa lafiya, wanda ya zauna da ni tun bayan azahar har la'asar sakaliya yana matsa tsarkiya yana saki, bugu ɗaya bayan ɗaya, domin in sami kowace murya a ware. Na sallame shi daga aljihuna, na kwana biyu ina yanka sautin ina gyarawa, sannan na raba wa duk wanda ya nema, har da wanda nake magana a kansa. Abin da bai sani ba shi ne, a wutsiyar bugu na bakwai akwai kukan akuyar maƙwabta, can ƙasa-ƙasa, wanda na kasa gogewa ba tare da na lalata amon ba. Na sa wa ɗalibina abin ji a kunne, na ƙara murya, ya saurara sau biyu, sai ya ɗago ya dube ni bai ce komai ba. Ashe har a ƙasar waje akuyar Ƙaura ta yi suna.

Ranka ya daɗe, shugaban ƙwararru, ina fatan ba a manta da ranar da aka shigo shagona da fiyanon Yamaha PSR a cikin buhu ba, ana tambayar yadda ake zuba salon kiɗa daga filash, da yadda aka zauna a kan benci har dare ana rubuta abin da nake faɗa a bayan kwalin sigari. Ba a cika takardar rajista a ranar ba, kuma shayin da aka sha ma ni na biya.

Ga yaran da suka riga suka biya, ba na cewa ku fita, domin kuɗinku ne, kuma wataƙila akwai darasin da ake koyarwa a can wanda idona bai kai gare shi ba. Amma ranar Asabar bayan la'asar shagona a buɗe yake kamar kullum. Kowa ya zo da filash ɗinsa, zan zuba masa Dexed da Surge da kalangun da sunansa na asali, in kuma nuna masa inda zai sauke sauran da kansa. Wanda ya ga dama ya taimaka da kuɗin litar mai, wanda ba shi da hali ya zo hakanan, amma a taho da abin ji a kunne saboda bugu na bakwai.