Ɗan da aka bar wa jinyar iyaye

A yawancin gidajen da iyaye suka manyanta har ƙarfi ya fara barinsu, akwai ɗa guda, galibi ma 'ya mace, da nauyin jinya ke sauka a kanta ba tare da an taɓa zama an yanke hakan ba. Ita ce ta fi kusa, ko ita ce ba ta iya ƙin amsa kira, to daga ranar da ta fara raka mahaifiyarta asibiti aikin ya zama nata. Sauran 'yan uwa suna turo kuɗi, suna bugo waya, suna sa mata albarka, kowa kuma ya kwanta da tunanin ya sauke haƙƙin da ke kansa. A ganina wannan rabo babu adalci a cikinsa, kuma iyayen da ake yi dominsu su ne ke fara cutuwa da shi.

Matsalar ƙaruwa za ta yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa masu shekara 60 zuwa sama, waɗanda suka kai biliyan 1 a 2020, za su kai biliyan 2.1 a 2050. Tsawon rai alheri ne, sai dai yakan zo da hawan jini, ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki da gigin tsufa, cututtukan da ake zama da su shekara da shekaru. Hukumar ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da ciwon mantuwa, kuma kashi 70 cikin 100 na sa'o'in da ake shafewa wajen kula da su mata ne ke ɗauka.

Wanda bai taɓa jinya ba yakan ɗauka kuɗin magani shi ne babban abin. Tsohon da ya kwanta sai an riƙa juya shi bayan 'yan sa'o'i, dare da rana, don kada gyambo ya fito masa a baya. Wanda yake iya takawa kuma sai an riƙe shi zuwa bayi, domin zamewa ɗaya na iya karya masa ƙugu ya koma kwance har ƙarshen rayuwarsa. Mai mantuwa yana iya maimaita tambaya guda sau goma, wata rana ma ya zargi 'yar da ke wanke shi da sace masa kaya, ita kuma ta haɗiye ta ci gaba da aikinta. Duk yawan kuɗin da aka turo, mutum ne zai tashi ƙarfe ukun dare ya canza zanin gado.

Mai jinyar da ta yi shekara biyu ba ta yi cikakken barci ba, haƙurinta dole ya ragu, daga nan sai tsawa ta shigo, sai sakaci. Gajiya ba ta wanke kowa daga laifin wulaƙanta tsoho, amma 'yan uwan da suka zura ido har aka kai nan suna da kaso a laifin. Abin lura ne cewa aya ta 23 ta Suratul Isra'i, wadda ta hana ko da nuna ƙosawa ga iyaye, lokacin tsufansu ta ambata musamman, umarnin kuma yana kan kowane ɗa, na nesa da na kusa.

Wasu ƙasashe sun gwada doka. Singafo ta kafa dokar ciyar da iyaye a 1995, Indiya ta yi tata a 2007, China kuma a 2013 ta wajabta wa 'ya'ya ziyartar iyayensu a kai a kai. Kotu tana iya tilasta biyan kuɗi, amma ba ta iya raba dararen jinya tsakanin 'yan uwa. Jamus a 1995 da Japan a 2000 sun fi gane bakin zaren, da suka kafa inshorar kula da tsofaffi, wato suka yarda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na san na nesa zai ce yana da aiki da iyali, ba zai iya ajiye su ba, kuma gaskiyarsa ce. Amma yana iya ware mako biyu daga hutunsa ya zo ya karɓi jinyar gaba ɗaya, 'yar uwarsa ta tafi ta huta. Yana iya biyan mai taimako, ya riƙe lissafin magani da ranakun ganin likita, sannan ya amince cewa wadda ta bar sana'arta saboda jinya tana da haƙƙin a tallafa mata da abin da ta rasa. Zaman da za a tsara wannan gara a yi shi tun tsohon yana da hankalinsa, yana zaune a wurin, domin shi ya kamata ya faɗi inda yake son zama, da wanda ya yarda ya riƙe masa kuɗinsa, da wanda ba zai ji kunya ba idan ranar da za a yi masa wanka ta zo.