Layin da muka kusa tsallakewa a fom ɗin dashen ƙwai

Har yau ban daina tunanin layin nan ba. Ranar da za'a fara mana aikin dashen ƙwai, wato a haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a asibiti sannan a dasa mata ɗan tayin a mahaifa, nas ta miƙo mana takardu tuli guda, maigida ya karɓi biro yana ta rattaba hannu kamar wanda aka kawo wa saƙo, ni kuma hankalina na kan alluran da za'a fara min, sai idona ya sauka kan tambayar: idan ɗayanku ya rasu, me za'a yi da ƴan tayin da aka daskarar? Na riƙe masa hannu nace tsaya. Nas ɗin ko ɗagowa bata yi ba, tace ku zaɓi ɗaya kawai akwai mutane a layi. Wallahi abin ya tsaya min a rai, maganar da ta fi komai nauyi a takardun ita aka bar wa ɗan akwatin da bai kai farce ba.

Ɗan tayin da aka sa a tankin naitirojin, cikin sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, lokaci baya taɓa shi. A Ingila tun watan Yulin 2022 doka ta yarda a ajiye shi har shekara 55, ana sabunta izini duk shekara 10. Kenan zai iya wuce uwar ya wuce uban yana nan yadda aka ajiye shi.

Ku duba labarin Ted Jennings a can Ingilan. Matarsa ta rasu a 2019 tana ɗauke da cikin tagwaye, mahaifarta ce ta fashe, aka bar shi da ɗan tayi guda ɗaya tal. Yana so wata mata ta ɗaukar masa cikin, amma ba rubutaccen izinin marigayiyar, domin fom ɗin da aka bata bai fito fili ya tambaye ta abin da take so idan ita ce ta riga shi ba. Sai 2022 kotu ta yarda masa, bayan alƙaliya ta gamsu cewa da an tambaye ta da ta amince. Na yi hawaye da na karanta, amma fa shekara uku mutum na cikin makoki ana ta laluben ran wadda bata nan. Da a Faransa ne ma babu zancen, an hana amfani da ɗan tayi bayan mutuwar miji ko mata gaba ɗaya, kuma kotun haƙƙin ɗan adam ta Turai ta bar haramcin a 2023. Sifen ta ba matar wata 12 bayan rasuwar miji ta yi amfani da shi, in dai akwai yardarsa.

Ni dai matsayina, begen wanda aka bari ba shi ne izinin wanda ya tafi ba. Kullum sai kaji ance ai da yana raye zai yarda. Wa ya faɗa maka? Wanda ya yarda ya zama uba yana raye zai ɗauki ɗansa, bai ce ya yarda a haifi yaron da tun kafin ya shiga ciki maraya ne ba. Ga iyayen mamaci da za su ce a taimaka a bar musu baya, ga rikicin gado da zai biyo, duk a kan matar da ko hawayenta bai bushe ba. Ba ina ƙaryata soyayyarta bane, na san raɗaɗin jiran haihuwa shekara da shekaru, shi yasa ma bana so a ɗora mata wannan hukuncin ita kaɗai.

Mu namu da sauƙi ta wani gefen. Mafi yawan malaman Sunna sun halatta dashen ƙwai ne tsakanin miji da mata muddin auren na nan, bayan mutuwa kuma sukace a'a. Amma sanin hukuncin bai hana hannuna rawa ba. Muka ce wa nas ɗin ta jira, muka fita baranda muka zauna, karon farko kenan da muka yi maganar mutuwar juna baki da baki, ya ce min in ya riga ni kar in ɗaure kaina da tanki, nace kai ma haka. Muka dawo kowa ya cike nasa da hannunsa, na ɗauki hoton shafin a waya.

Ƴan tayi uku suka rage mana a can. In Allah ya kaimu na yaye wannan ɗan da muka samu, tare za mu koma ɗaukar na gaba.