Daren da kofi ya kufce mana a Abidjan, da abin da yatsunmu suka rubuta bayansa

Assalamu alaikum ƙannena da abokaina masu son ƙwallo.

Ni ma ina cikinku a daren Lahadi 11 ga Fabrairu, 2024. Tun bayan sallar isha'i gidan kallon unguwarmu ya cika, har mai gidan ya aro bencina daga makwabta, janareto na ta ruri a bayan katanga, yara sun maƙale a tagogi. Ƙarfe tara na dare aka take wasan ƙarshe na gasar cin kofin nahiyar Afirka a filin Alassane Ouattara da ke Ebimpe, a bayan birnin Abidjan, tsakanin Najeriya da mai masaukin baƙi Kodebuwa. Da William Troost-Ekong ya sa kai ya jefa ƙwallo a raga a minti na 38, wani dattijo da ban taɓa yi wa magana ba ya rungume ni har hulata ta faɗi. Mun riga mun fara lissafin kofi na huɗu, bayan na 1980 da 1994 da 2013.

Sauran labarin kun san shi. Franck Kessie ya farke a minti na 62, Sebastien Haller ya ƙara ta biyu a minti na 81, kuma duka biyun daga ƙafar Simon Adingra suka fito, yaron da ya hana 'yan bayanmu sakat a daren nan. Aka tashi 2-1. Kowa ya kama hanyar gida ba mai ce wa wani uffan.

Rashin kofin ba shi ya sa na ɗauki alƙalami ba. Abin da ya biyo baya ne ya tsaya mini a rai har yau. Kafin gari ya waye, dubban mutane sun yi dandazo a shafin Alex Iwobi suna zaginsa. An zagi wasansa, an wuce nan an zagi iyayensa, wasu har da mugun fata. Abin ya kai shi ga goge hotunan da ke shafinsa na Instagram. Kada wani ya ce mini wannan aikin 'yan kudu ne. Na gani da idona an rubuta da Hausa, a Facebook da zaurukan WhatsApp, kuma cikin masu rubutawar akwai waɗanda muke sahu ɗaya da su a masallaci. Yaron da ba zai iya ɗaga ido ya kalli yayansa ba in ana yi masa faɗa, shi ne ya zauna a kan katifarsa ƙarfe ɗaya na dare yana ashariya ga mutumin da bai taɓa yi masa komai ba.

Ku tsaya mu tuna wane ne wannan Iwobin. A Legas aka haife shi, a Ingila ya tashi, ya buga wa ƙananan tawagogin Ingila, amma da lokacin zaɓi ya yi, a 2015, ya ce Najeriya zai yi wa wasa, ƙasar kawunsa Jay-Jay Okocha. A watan Oktoban 2017 a Uyo, ƙwallonsa ce a ragar Zambiya ta kai mu gasar cin kofin duniya ta Rasha. A 2019 a Masar, shi ya ci ta ukun da muka fitar da Kamaru 3-2. A gasar Kodebuwa kuwa, da Wilfred Ndidi ya ji rauni tun kafin a fara, koci Jose Peseiro ya ja Iwobi baya ya haɗa shi da Frank Onyeka su biyu rak a tsakiya, aikinsu tare hanya da ƙwato ƙwallo, alhali shi ɗan wasan gaba-gaba ne tun asali. Da wannan tsarin muka kai wasan ƙarshe, ƙwallo biyu kacal aka zura mana a wasanni shida. A lokacin ba wanda ya ce tsarin ba shi da kyau. Dare ɗaya ya juya mana baya, sai muka nemi wuyan da za mu rataya wa laifi.

Ban ce ya yi wasa mai kyau a daren ba. Bai yi ba, kuma ba shi kaɗai ba, kusan duk tawagar a gajiye take, Kodebuwa ta fi mu riƙe ƙwallo, ta fi mu kai hari, ta cancanci nasararta. Faɗin haka ba laifi ba ne. Ka ce koci ya makara wajen canji, ka ce tsakiya ta mutu, ka ce komawa baya bayan cin ƙwallo ɗaya kuskure ne, duk wannan hira ce ta masu kallo, ita ce ma daɗin abin. Amma tsakanin "bai taka rawar gani ba" da tsine wa uwar mutum akwai tafiya mai nisa, kuma duk wanda ya yi tafiyar ya san lokacin da ya ƙetare iyaka.

Ahmed Musa, wanda muke alfahari da shi a nan Arewa tun yana Kano Pillars, shi ne kyaftin ɗin tawagar, kuma yana cikin waɗanda suka fara fitowa suka roƙi jama'a su daina. Ya nuna cewa rashin nasara na tawaga ne gaba ɗaya, ware mutum ɗaya a ɗora masa zalunci ne. Na ji kunya da na karanta. Mutumin da ya ci wa ƙasar nan ƙwallo biyu a ragar Ajantina a 2014, ya sake cin biyu a ragar Iceland a 2018, ga shi yana roƙonmu mu ji tausayin abokin aikinsa.

Kuma ba wannan ne karon farko ba. A Janairun 2022 a Garwa ta ƙasar Kamaru, da Tunisiya ta fitar da mu da ci ɗaya, mai tsaron raga Maduka Okoye aka yi wa rubdugu, har da barazana ga rayuwarsa. Mu da muka yi ta Allah wadai lokacin da Turawan Ingila suka ci mutuncin Bukayo Saka da Marcus Rashford da Jadon Sancho saboda sun ɓarar da fenareti a wasan ƙarshe na kofin Turai a 2021, muka ce wariyar launin fata ce, me za mu kira namu? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Wanda kuma yake ganin magana ce kawai, ba ta kisa, ya nemi labarin Andres Escobar na Kolombiya. Ya ci gida bisa kuskure a wasansu da Amurka a gasar duniya ta 1994, kwana goma bayan haka aka harbe shi a birnin Medellin. Wanda ya ɗana kunamar bindigar mutum ɗaya ne, amma a cikin iskar fushin jama'a ya yi numfashi.

Yanzu bari in taɓo inda ke mana ƙaiƙayi, don na san da yawanku ba kishin ƙasa ne ya hana ku barci a daren ba. Tikiti ne. Akwai wani ƙanena a unguwa, yana koyon ɗinki, yaro mai ladabi. Kuɗin da wata mata ta ba shi na sayen yadi ya ɗauka ya zuba a cacar ƙwallo ta waya, wai Najeriya za ta ci, da safe zai mayar har da riba. Da aka tashi wasa na same shi a bakin kwata yana kuka kamar an yi masa mutuwa, wayarsa a hannu, yana rubuta wa Iwobi abin da ba zan iya maimaitawa ba. Na tambaye shi, Iwobi ne ya ce ka taɓa amanar mutane? Ya yi shiru. Sai da maigidansa ya biya matar, shi kuma ya yi wata biyu yana aiki ba ko sisi.

Tun daga ranar na fahimci dalilin da ya sa kallon ƙwallo ya canza a wurinmu. A da in an ci mu, mukan yi jimami, mu yi musu a teburin mai shayi, washegari kowa ya kama sana'arsa. Yanzu mutum ba wasa yake kallo ba, kuɗinsa yake kallo suna gudu a fili. Ɗan wasa ya zubar da ƙwallo, shi a wurinsa an sace masa dubu biyar ne. To ta yaya ba zai yi zagi ba? Allah Ya haɗa caca da giya a aya guda cikin Suratul Ma'ida, a ayar da ke biye kuma Ya faɗi abin da Shaiɗan ke nema da su: ya jefa gaba da ƙiyayya a tsakaninmu, ya kange mu daga ambaton Allah da salla. Ku dubi gidajen kallonmu ku gaya mini wanne ne bai tabbata ba. Canza mata suna zuwa "hasashe" ko "buga wasa" bai canza hukuncinta ba, kuma kamfanin da ke karɓar kuɗinku bai buɗe don ya yi asara ba.

Maganar salla ma kada mu tsallake ta. Wasan kusa da na ƙarshe da Afirka ta Kudu, ranar Laraba 7 ga Fabrairu a Bouake, ƙarfe shida na yamma aka fara shi a agogonmu. Magariba ta faɗo ana tsakiyar zagayen farko. Ladan ya kira, masallacinmu bai cika sahu biyu ba, gidan kallo kuwa ba masaka tsinke. Aka ce a bari sai hutun rabin lokaci, hutun ya zo aka tsaya musu, aka dawo, aka tafi ƙarin lokaci, aka tafi fenareti, isha'i ta wuce. Mai tsaron ragarmu Stanley Nwabali ya kaɗe fenareti biyu, muka yi ta tsalle, amma mutum nawa ne a cikinmu suka haɗa salloli biyu ba tafiya ba ruwan sama?

A wannan wasan dai, kun tuna lokacin da Victor Osimhen ya ci ta biyu muna murna, sai alƙalin wasa ya je ya duba na'ura, ya soke ƙwallon, ya ba Afirka ta Kudu fenareti, Teboho Mokoena ya farke ana dab da tashi? Washegari jaridu suka ruwaito mutuwar mutane a sassan ƙasar nan da suka yanke jiki suna kallo, cikinsu har da wani tsohon ɗan majalisar wakilai daga jihar Delta. Ajali ba ya wuce lokacinsa, wannan haka yake. Amma duk mai hawan jini ko ciwon zuciya a gidanku, ku lura da shi a irin wannan dare, kada ku bar shi shi kaɗai gaban talabijin. Kai kuma da kake da lafiya, ka tambayi kanka a wane hali kake so a zo a same ka.

Akwai darasi a wurin waɗanda suka doke mu, in za mu iya haɗiye ɗaci mu duba. Kodebuwa ta sha kashi a hannunmu 1-0 a rukuni, sannan Ikwatoriyal Gini ta lallasa ta 4-0 a gaban jama'arta. Aka sallami kocinsu Jean-Louis Gasset ana tsakiyar gasa, aka miƙa wa mataimakinsa Emerse Fae. Ba don Maroko ta ci Zambiya ba, da tun a rukuni sun yi waje. Waɗannan 'yan wasan da aka gama yi wa dariya su ne suka fitar da Senegal mai riƙe da kofi, suka ci Mali da mutum goma a fili, suka wuce Kongo, suka zo suka same mu. Shi kuma Haller da ya ci ƙwallon da ta raba gardama, a watan Yulin 2022 likitoci suka gano yana da ciwon daji, jim kaɗan bayan ya koma Borussia Dortmund. An yi masa tiyata, ya sha magani mai wahala, sai a Janairun 2023 ya dawo fili. Da mutumin nan ya ɓarar da wannan ƙwallo, da wani a can ya zage shi bai san abin da ya ratsa ba. Haka mu ma ba mu san abin da ɗan wasanmu ya baro a gida ba ranar da ƙafarsa ta ƙi ba shi haɗin kai.

Wani zai ce ai su miloniyoyi ne, zagi ba ya taɓa su, ba ma za su gani ba. Da ba sa gani da Iwobi bai goge hotunansa ba. Kuma ko da bai gani ba, akwai masu rubutawa a kafaɗunka da ba sa barci, Suratu Ƙaf ta gaya mana ba kalmar da ke fita face akwai mai tsaro a shirye. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya siffanta Musulmi da wanda mutane suka kuɓuta daga harshensa da hannunsa. Rubutun waya ya haɗa biyun a wuri ɗaya, harshe ya tsara, hannu ya aika. Kuma kasancewar wanda ka zaga ba addininku ɗaya ba, ko ba yarenku ɗaya ba, bai halatta maka mutuncinsa ba. Haƙƙin ɗan Adam ne, sai ya yafe, kuma ina za ka gan shi ka nemi yafiya?

Ba na ce ku daina kallo ba, ni ma ban daina ba. A ƙasar da abubuwa da yawa ke raba mu, na ga Bahaushe da Ibo da Bayarabe sun rungumi juna saboda Ademola Lookman ya ci Kamaru biyu, kuma wannan abu ne mai daraja. Abin da nake roƙo shi ne, in an ci mu, ka kife wayar nan har gari ya waye. Magana zarar bunu ce, ta intanet kuma ta fi muni, don ko ka goge wani ya riga ya ɗauki hotonta. In kana cikin zaure aka fara zagin wani, ka ce a bari, ko da za a yi maka ca. In kuma akwai manhajar caca a wayarka, ka cire ta yau, kada ka jira sai ka "dawo da abin da ka rasa", wannan jiran shi ne tarkon.

Shi wancan ƙanen nawa, bayan kwana uku na zaunar da shi a shagon maigidansa, muka buɗe shafin tare. Ya nemo abin da ya rubuta, ya karanta da bakinsa a gabana, bai iya kaiwa ƙarshe ba. Ya goge, sannan ya rubuta wa Iwobi gajeren saƙon ban haƙuri da Turancinsa daidai gwargwado. Har yau muna zuwa kallo tare, benci ɗaya muke zama, kuma in an kira salla shi yake fara taɓa ni a kafaɗa.