Ma'aikaci na biyar a gidan burodi: ƙari ne ko nauyi?

Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, darajar naira kuma ta faɗi, masu gidajen burodi suke shan wuya, domin mafi yawan alkamar da ake yin fulawa da ita daga waje ake shigo da ita. Mafita biyu suka fi zuwa wa mai gida a rai: ya ƙara yawan gashi, ko ya ƙara kuɗi. Da yawa kuma da ka suke yanke hukuncin, ba da biro ba.

A ce gida yana da tanda ɗaya da injin kwaɓi ɗaya. Mutum biyu suna fitar da burodi 300 a rana. Na uku ya zo, aka kai 450. Na huɗu ya kai su 520, na biyar 540. In abin da ke saura a kan kowane burodi bayan kuɗin fulawa, sukari, yis da bota naira 200 ne, ladan yini kuma 5,000, to na huɗu ya kawo 14,000, na biyar kuwa 4,000 kacal. Daga aljihun mai gida ake cika masa lada.

Ba lalaci ya yi ba. Tandar ce ta ƙure. Hannu ya yi yawa, kwaɓi yana fitowa da sauri, gwangwanaye suna layi. Kwaɓin da ya daɗe yana jira a zafin Kano zai tashi ya wuce kima, ya yi tsami, ya kwanta in ya shiga wuta. Don a rage layi sai a ƙara wuta, baya ya ƙone, ciki bai nuna ba. Wannan gida tanda ta biyu yake buƙata, ko a raba aikin dare da na rana.

Batun farashi ya fi yaudara. Mai sayar da burodi 500 a kan naira 1,000 kowane ɗaya yana haɗa 500,000. Ya mayar 1,100, ciniki ya sauko 400, ya ga 440,000 a akwati, hankalinsa ya tashi. Amma in kayan haɗin kowane ɗaya 800 ne, da 100,000 ke rage masa, yanzu 120,000. Sai cinikin ya sauka ƙasa da 334 zai fara cutuwa. Wannan lambar ya kamata ya fitar kafin ya taɓa farashi.

Ko cinikin zai tsaya a 400, ya danganta da mai saye. Mai shayi ba ya buɗe tebur babu burodi, zai yi ƙorafi ya saya, ya rage kaurin yanka. Magidanci kuwa ƙosai, waina da gurasa suna bakin layinsa. Kuma makon farko ba ma'auni ba ne: mutane sukan ɗauki makonni kafin su sauya karin kumallo, don haka a rubuta cinikin kullum na wata guda, har da kwantan da 'yan talla suka dawo da shi.

Masu rage nauyin burodi a ɓoye don gudun ƙarin kuɗi su sani mai shayi da wuƙa yake awo. Ranar da yanka goma ya koma takwas, a ranar zai tambayi lambar wani gidan.