Hasken da na gani a cikin gidan sauro

Daren jiya, wajen ƙarfe biyu, na tashi zan kewaya sai na hango haske yana fitowa daga cikin gidan sauron ɗana mai shekara 11. An ɗauke wuta tun bayan Isha, layinmu a Agege ya yi tsit in ban da ƙarar janareton maƙwabta, amma yaron nan idonsa biyu, ya ƙudundune cikin zanen gado, yatsansa yana ta jan hoto ɗaya bayan ɗaya. Da na karɓi wayar na duba, abin da na gani ba zai rubutu a nan ba. Ban dake shi ba, domin kafin in ɗaga hannu zuciyata ta tuna mini cewa ni ne na hau danfo har Ikeja, na kutsa cikin cunkoson Computer Village, na yi ciniki, na sayo masa ita tukuicin haddace izu goma. Da hannuna na miƙa masa, ina murna.

Ya ku 'yan uwana iyaye mazauna Legas, na san halin da muke ciki. Magidanci ya fita tun asuba zuwa Mile 12 ko Alaba Rago, ya kwashe awanni a cunkoson motoci, ya dawo jiki ya yi laushi. Ɗaki ɗaya ne ko biyu, babu tsakar gidan da yaro zai yi wasa, babu kaka ko gwaggo da za ta sa masa ido kamar yadda aka yi mana a gida. Uwa tana fama da girki, yaro yana rigima, sai a miƙa masa waya ya yi shiru. To, wannan shirun da muke saye da kuɗin data, wallahi da tarbiyyar 'ya'yanmu muke biyansa.

Muna hana su leƙa titi don tsoron 'yan daba da masu satar yara, muna garƙame ƙofa da kwaɗo biyu, sannan mu shigo da duk wani baƙon da muke gudu har kan katifarsu. Kamfanonin Facebook, Instagram da TikTok da kansu sun ce sai mai shekara 13 zai buɗe shafi, amma sau nawa uba ne ke ƙara wa ɗansa shekaru ya buɗe masa? A 2024 majalisar Ostireliya ta yi dokar hana 'yan ƙasa da shekara 16 shafukan sada zumunta, mu kuwa da aka ce mana kowannenmu makiyayi ne kuma abin tambaya ne kan kiwonsa, muna alfahari cewa ɗanmu ɗan shekara shida ya fi mu iya latsa waya. Haba jama'a! A watan Yulin shekarar 2024, kamfanin Meta ya sanar da rufe shafukan Instagram kusan 63,000 a nan Najeriya, na masu yaudarar mutane su turo hoton tsiraicinsu sannan a yi musu barazanar watsawa idan ba su biya kuɗi ba. Ku yi tunanin 'yarku a hannun irin waɗannan, wani ya fara da "ƙanwata, ya karatu?", ita kuma kunya da tsoron dukanku sun hana ta buɗe baki. Ku yi tunanin ɗanku ya koyi caca da kuɗin cefane, ko ya fara ganin 'yan Yahoo a matsayin gwanaye saboda motocin da suke nunawa.

Idan don a san inda yaro yake ne tsakanin makarantar boko da Islamiyya, ƙaramar waya mai maɓalli ta wadatar. Idan aikin makaranta ne, ya yi da wayarka a gabanka, kana gani. Zai yi kuka, zai ce duk abokansa suna da ita. Ka bar shi ya yi kukan, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma kada mu karɓe tasu alhali mu muna cin tuwo da hannun dama, hagu na kan waya, yaro yana mana magana muna amsawa da "uhm". Wannan laifina ne ni ma, kuma ina neman gafarar Allah.

Yau bayan sallar Asuba na zaunar da ɗana, na ce masa laifina ya fi nasa, na kuma yi masa alkawarin duk abin da ya gani ko wani ya turo masa, ya faɗa mini ba zan dake shi ba. Ya daɗe yana kuka a kafaɗata. Wayar tana cikin akwatina yanzu.

Don Allah ku jinkirta, ku jinkirta saya musu. Wanda kuma ya riga ya saya, don girman Allah, daren yau ya tashi ya leƙa gidan sauron ɗansa.